Sunan Iorchia a Bayan Hoton Giwa

Lafia,
Juma'a, 9 ga Agusta, 1957.

Zuwa gare ka Badaru, sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan randa ga wadda ta dawo daga gona, ƙamshin ƙasa ranar da aka yi ruwan fari, gishirin Awe a cikin miyata! Ina gaishe ka daga ƙarƙashin mangwaron gidanmu, gaisuwa mai tsawon hanyar da ka bi, wadda za ta haye kogunan da ka haye, ta ratsa dazuzzukan da ka ratsa, har ta same ka a gidan wayar Nairobi inda ka ce in aika idan ina da magana. Ina fata kana lafiya, motar tana lafiya, kuma Baturen naka da matarsa ba su gajiyar da kai da yawon kallon namun daji ba.

Na sake karanta sunayen da na kira ka da su a sama. Kowanne gaskiya ne, ban yi ƙari ba. Amma na rubuta su ne kamar yadda mutum ke taɓa ƙafarsa da ta sage bayan dogon zama: na san tawa ce, ina ganin yatsana a kanta, sai dai ban ji taɓin ba. Kada ka ɗauka laifinka ne. Haka nake da komai yanzu, har abinci, har addu'a.

In kana tsaye, ka nemi wuri ka zauna.

Yayana Iorchia ya rasu. Ya rasu ran Talata, sha huɗu ga watan Mayu. Yau kwana tamanin da bakwai. Ran Asabar da safe ya je gonarmu ta hanyar Shabu, yana cire ciyawa a jikin tudun doya, kububuwa ta sare shi a hannu. Aka ɗaure hannun, aka ɗauko shi a kan keke. Kwana uku jini yana fita ta dasashinsa, sannan ya tafi. Ina makaranta. Kafin jirgin ƙasa ya kawo ni an riga an binne shi. Abokinka ne kafin ka san ni, don haka ta'aziyyar taka ce kamar yadda take tawa. Allah ya ba ka haƙuri.

Wata huɗu na yi ina durƙusawa ina roƙon Allah ya tsare ka daga zaki, daga ɓauna, daga dorinar da ke kifar da kwalekwale, daga giwar da ka ce tana iya ture mota da goshinta. Na haddace sunayen dabbobin ƙasar nan kamar zan yi jarrabawa a kansu, na bi su ɗaya ɗaya ina neman tsari. Ban taɓa yin roƙo ko sau ɗaya a kan maciji mai tsawon kamu guda da ke kwance a gonarmu ba. Wa ya taɓa jin tsoron gonar gidansu?

Ka tuna ranar tasha, hasken idona? Ba ranar farko ba, da hannun akwatina ya ɓalle, kai kuma ka durƙusa ka ɗaure shi da waya, ni ina kallon ƙasa na kasa ce maka ko na gode. Wayar nan tana nan, ba ta saki ba. Ina nufin ranar ƙarshe, cikin Janairu, da zan koma makaranta kai kuma saura kwana huɗu ka tuƙa Baturen riɗi da matarsa zuwa ƙasashen gabas. Mu uku muna tsaye bayan buhunan doya. Ka ce za ka riƙa aiko mini da katin hoto daga kowane gari. Na ce ba zai yiwu ba, domin a makarantarmu Sista babba ce ke buɗe kowace wasiƙa, kuma akwai takardar da aka rubuta sunayen waɗanda aka yarda su rubuto wa kowace yarinya: uwa, uba, da waɗanda kuka fito ciki ɗaya. Ni ubana ya daɗe da rasuwa, Mama ba ta rubutu, sunan Iorchia kaɗai ke kan takardata. Ka tsaya kana juya hularka a hannu. Sai Iorchia ya tofar da ɓawon rake ya ce, “To ɗauki nawa mana, direba. Ni ban iya rubutu ba, sunan yana zaune banza.” Ka ce ba ka son jawo masa magana. Ya buge ka a kafaɗa ya ce, “Aro ne fa, ba kyauta ba. Kada ka bar zaki ya cinye mini shi, da shi zan je coci ran Kirsimeti.” Kuka yi dariya har mai sayar da lemo ta juyo. Ni na rufe fuska da ɗankwali, amma a ƙarƙashinsa dariya nake yi. Shi kaɗai ne a duniya ya san maganarmu.

Kai, irin daɗin da katunan nan suka kawo mini! Na farko daga garin Fort Lamy, raƙuma a bakin kogi. Na biyu daga Kwango, dorina sun fi talatin sun cika ruwa kamar tukwanen da aka kife. Sai na Uganda, kogi guda yana matsewa ta tsakanin duwatsu yana faɗowa fari fat, kadoji suna shan rana a ƙasa. A bayan kowanne, layi uku ko huɗu da Turancinka mai tafiya a hankali: ƙanwata, ina lafiya, yau na ga kaza, ki yi karatu da kyau, yayanki Iorchia. Ba ka taɓa rubuta kalmar da Sista za ta ɗaga gira a kanta ba. Amma ni na san hannunka. Na san yadda kake danna alƙalami kamar kana ɗaure noti, na san ɗigon baƙin mai da ya taɓa gefen katin Kwango. Nakan kai shi hanci in shaƙa, in ji kamar na wuce ta ƙofar garejinku.

Sistar da ke koya mana labarin ƙasa ta roƙe ni aronsu. Ta liƙa su jikin babbar taswirar ajinmu, ta ja jan zare daga Lafia zuwa kowane garin da ka sauka. Duk aji suka san yayan Hembadoon yana yawon duniya. Rosaline, wadda gadonta ke kusa da nawa, kullum sai ta ce, “Ki ajiye mini yayan nan naki, ko zaki ya ci ƙafa ɗaya ni zan aure shi haka.” Ina zaune a layi na biyu ina kallon zaren yana ƙara nisa da gida, zuciyata tana bin sa kamar tsuntsuwa a kan waya, ba wanda ya san tawa ce hanyar. Na ɗauka wayo muka yi. Na ɗauka ƙaramar ƙarya ce wadda ba ta taɓa kowa.

Ranar da wayar tangaraho ta zo, Sista babba ta kira ni ofishinta ta riƙe hannuwana biyu. Takardar ba ta faɗi yadda ya rasu ba, ta ce kawai Iorchia ya rasu, a turo Hembadoon gida. Sai kowa ya ɗauka a can ne. Aka tara makaranta aka yi addu'a domin matafiyin da ya mutu a baƙuwar ƙasa. 'Yan ƙananan aji suna raɗa cewa zaki ne. Rosaline ta yi kuka har muryarta ta dishe. Ni ban yi ba. Ina tsaye a tsakiyarsu ina tunanin cewa takalmina na hagu yana matse ni. Sistar labarin ƙasa ta cire katunan ta sa mini a ambulan, zaren ya rage yana lilo shi kaɗai a jikin taswira. Kalma goma sun isa in gyara musu. Ban faɗa ba. Wannan shi ne shiruna na farko.

Da na iso gida na tarar da Mama a zaune a ƙofar ɗakin Iorchia, ta rame har zanenta yana zagaya ta sau biyu. Ba ta ci, ba ta magana. Nguavese, matar Iorchia, tana ɗaure da baƙin zanen takaba, 'yarsu Member a baya, wata biyar da haihuwa. Ban koma makaranta ba, na zauna ina dafa abincin da ba mai ci.

To a nan ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru. Kai ba ka sani ba, ina za ka sani? Ka ci gaba da aiko da kati makaranta, su kuma suka riƙa turowa Lafia cikin jakar wasiƙun coci. Wata Lahadi a farkon Yuli, Malam Aloysius, katikis ɗinmu mai koyar da addini a coci, wanda shi ke karanta wa mutane wasiƙunsu, ya shigo da ɗaya. Na tafi rijiya. Mama ta ce ya karanta mata tunda 'yarta ba ta nan. Hoton giwa ne da ɗanta yana tafiya a tsakanin ƙafafunta, bayansu wani dogon dutse mai farar ƙanƙara a kai. Malam ya fara juya mata zuwa yarenmu layi layi, bai duba ƙasa ba tukuna. Ina lafiya. Na ga giwaye sun fi ɗari. Ki gaida Mama. Da ruwa ya ɗauke zan dawo. Da ya kai kan sunan sai ya nemi ya sa katin a aljihu. Amma Mama, ko da yake ba ta karatu, ta san siffar sunan ɗanta, domin shi ne aka rubuta da farin fenti a jikin gicciyen kabarinsa, kuma kullum tana shafa shi. Ta ɗora yatsa a kai. Ta ce ya gaya mata ranar da aka buga hatimin. Malam ba ya ƙarya. Ya ce biyu ga Yuni. Kwana goma sha tara bayan an binne shi.

Na shigo da tulu a ka na tarar da Mama tana rawa a tsakar gida.

Ka san a wajenmu akwai masu cewa wanda ya mutu da ƙuruciyarsa, mutuwar da zuciya ba ta yarda da ita ba, wani lokaci ana ganinsa a wata kasuwa mai nisa yana harkarsa. Coci ta hana wannan magana, amma ba ta fita daga bakin tsofaffi ba. Mama tana juyi tana cewa, “Ban faɗa muku ba? Na ce abin da kuka sa a ramin nan bai kai nauyin ɗana ba! Ga shi can wurin giwaye, ɗan banza, ko sallama bai yi mini ba!” Malam Aloysius ya dube ni ta saman tabarau, ya ce a hankali, “'Yata, ke kin fi ni karatu. Ko akwai abin da za ki ce?” Ruwan tulun yana ɗiga a wuyana. Na dubi Mama, wadda ban ga haƙoranta ba tun da na dawo. Na ce babu. Ranar ta ci sakwara malmala biyu. Wannan shi ne shiruna na biyu, kuma ya fi na farko muni.

Kati biyu sun ƙara zuwa bayan wannan. Na tafkin da jajayen tsuntsaye suka rufe bakinsa, da na jakin dawa da raƙumin dawa suna shan ruwa wuri ɗaya. Mama ta jera su a kan kwanukan samirarta. Mata suna zuwa kallo daga unguwanni. Takan kira ni ta ce, “Hembadoon, zo ki gaya musu, wannan jakin wa ya zauna ya yi masa zane?” Ko ta nuna raƙumin dawa ta ce, “Wannan in ya haɗiyi tuwo da safe sai yamma zai kai ciki.” Su yi ta dariya. Ni ce mai bayani. Ina tsaye ina gaya musu abin da karkanda ke ci da yadda Turawa ke zama a mota suna ɗaukar hoton zaki ba tare da sun harbe shi ba, muryata tana fita daidai kamar a aji, ni kuma ina jin ta kamar muryar wata a bayan katanga. Mama ta share ɗakinsa, ta wanke rigar cocinsa ta ninke. Kowace rana tana zuba abinci kwano ɗaya fiye da mu. Ranar da jirgin wasiƙu ke zuwa takan yi wanka ta tafi tasha, ta tsaya daidai wurin da muka tsaya mu uku.

Ya masoyina, bari in gaya maka abin da nake jin kunyarsa. Na zauna sau uku da niyyar rubuta maka wata wasiƙa dabam. A cikinta zan roƙe ka kada ka dawo. Zan ce ka yi ta tafiya, tauraron hanyata, ka bi giwaye duk inda suka nufa, ka haye wannan dutse mai ƙanƙara, ka je bakin teku, in ƙasa ta ƙare ka juya ka sake farawa, kana aiko da kati kowane wata har Mama ta tsufa ta mutu tana jiran ruwa ya ɗauke. Ni kuma in zauna in rasa ka da raina, in zama mai karanta rubutunka a gaban mata, ina ganin hannunka ban da ikon cewa nasa ne, ina shaƙar man garejinka a ɓoye kamar ɓarauniya! Ashe mutum na iya son wani kamar yadda shuka ke son ruwa, kuma ya zauna ya lissafa yadda zai kore shi daga ƙasar? Na lissafa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ban ji zafi ba da nake lissafin. Na ga kamar aikin gida ne da aka ba ni.

Nguavese ce ta hana ni. Ita ta riƙe kan Iorchia a cinyarta har numfashinsa ya tsaya, ita ta san abin da ta gani. Amma Mama ta cire mata baƙin zane da hannunta, ta ce matar mai rai ba ta takaba. Mahaifin Nguavese, Baba Iorhemba, ya aiko a mayar masa da 'yarsa ta huta a gida kamar yadda aka saba, Mama ta kori 'yan aiken, ta ce mijin yarinyar ya dawo ya tarar da ɗaki ba kowa? Yanzu yarinyar nan ba ta cikin masu miji, ba ta cikin waɗanda suka rasa. In keke ya kaɗa ƙararrawa a waje sai abin da ke hannunta ya faɗi. Nononta ya fara ƙafewa, Member tana kuka tana cizon hannu. Shekaranjiya a bakin rijiya ta kama zanena ta ce, “Ƙanwata, ke da kika yi boko, gaya mini. In ya dawo, wanda zai shigo ɗakina ɗin nan, mutum ne?” Idonta kamar na barewar da ka ce ta tsaya a gaban motarku ta kasa gudu. Na ce mata guga ya cika, ta ja.

Baba Iorhemba zai zo da kansa jibi Lahadi. Mama ta ce za ta nuna masa katunan. Zan ajiye alƙalami a nan. Ban san abin da zan rubuta a gaba ba sai na yi shi.

Lahadi da yamma.

Na gaya mata, Badaru.

Jiya da hantsi tana zaune tana ɓarar agushi a faifai. Na durƙusa a gabanta, na ce Mama ina da magana. Na faɗa da yarenmu, idona a kan yatsun ƙafarta. Na faɗi dokar makaranta, na faɗi tasha, na faɗi sunanka. Karo na farko ke nan da na kira sunanka da baki a gaban wani. Ko a gabanka ban taɓa ba, ka sani. Na ce wanda ke rubuto katunan direba ne, ɗan Malam Sha'aibu tela na bakin kasuwa, abokin Iorchia, kuma ni yake rubuto wa. Na ce Iorchia yana inda aka sa shi.

Ba ta mare ni ba. Na so ta mare ni. Ta ci gaba da ɓara, ƙwaya bayan ƙwaya, har faifan ya ƙare, ni ina durƙushe gwiwoyina suna nutsewa a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Sata ya yi, ko ɗana ne ya ba shi?” Na ce shi ya ba shi da bakinsa. Ta ce, “Me ya ce da zai ba shi?” Na maimaita mata: aro ne ba kyauta ba, kada a bar zaki ya cinye, da shi zai je coci ran Kirsimeti. Sai wata 'yar dariya ta kuɓuce mata, guda ɗaya, kamar tari. Ta ce, “Shi ne. Bakinsa ke nan.” Daga nan ta kifa fuska a cikin faifan ta yi kukan da aka ce ko ranar binnewa ba ta yi ba. Maƙwabta suka leƙo. Na riƙe ƙafarta. Ba ta janye ba, ba ta kuma taɓa ni ba.

Da ta tashi, ɗaki ta shiga ta ɗauko baƙin zanen, ta kira Nguavese ta ɗaura mata da kanta, ta ce, “Mijinki ya mutu, 'yata. Ki yafe mini. Gobe ki bi babanki.” Nguavese ta zauna a ƙasa ta sauke wani dogon numfashi. Yau bayan coci suka tafi. Ta ci abinci kafin su tashi, na ga ta ci.

Ɗazu Mama ta sauko da katunan daga kan kwanuka. Ta miƙa mini biyu, na tsuntsaye da na jakin dawa. Na giwa da ɗanta ta sa a cikin zanenta, ban tambaye ta dalili ba. Ta ce, “Yaron nan, Musulmi ne?” Na ce e. Ta daɗe tana kallon kaji. Sannan ta ce, “Ki rubuta masa ya mayar mini da sunan ɗana. In yana da nasa, ya kawo shi nan da ƙafarsa in gani.” Ba ta ce ta yarda ba. Ba ta ce ba ta yarda ba. Tun daga lokacin ba ta ƙara yi mini magana ba, kuma yau kwano uku ta zuba, sai ta tsaya, ta mayar da ɗaya cikin tukunya.

Don haka ga roƙona, inuwata, ruwan randata. Kada ka ƙara sa sunan Iorchia a bayan kowane hoto. Akwai katunan da ke kan hanya yanzu, na sani, waɗanda ka riga ka jefa a gidan waya kafin wannan ta same ka. Na roƙi Malam Aloysius ya riƙa ba ni su a hannu, zan karɓe su ni kaɗai. Kada ka aika komai makaranta. Zan koma cikin Satumba, kuma ranar da na isa zan shiga ofishin Sista babba in gaya mata cewa matafiyin da suka yi wa addu'a yana da rai, manomin da ba su sani ba shi ne ya mutu. Wataƙila ta bar ni in rubuta jarrabawar fita, wataƙila ta ce in ɗauki akwatina. Ko wanne ne, hannun akwatin zai riƙe.

In za ka rubuto, ka aiko ta jakar coci, a buɗe, Malam ya karanta a tsakar gida kowa ya ji. Ka yi wa Mama ta'aziyya. Ba sai da hoton dabba ba, farar takarda ta isa. A ƙasa ka rubuta Badaru, ka danna alƙalamin yadda ka saba. Wata bakwai ina karanta hannunka, ban taɓa ganin yadda kake rubuta sunanka ba. Kuma idan ruwa ya ɗauke, ka juyo da motar nan. Ka bar musu giwayensu da dutsensu, sun ga abin da suka je gani. Ka zo ka tsaya a ƙofar gidanmu da rana, ka yi sallama da muryarka, ka cire takalmi ka gaida tsohuwa. Daga nan in kai ka hanyar Shabu inda aka binne shi ka ga gicciyen, ka gaya masa da kanka cewa zaki bai ci sunan ba.

Ban san abin da Mama za ta ce maka ba, ban san abin da babanka zai ce ba. Ba zan yi maka alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Abin da ke hannuna shi ne wannan: tun ranar da ka durƙusa a tasha da waya a bakinka, ban duba wani ba, kuma ba zan duba ba, ko ka dawo cikin Nuwamba ko ka dawo da furfura. Ɗazu da na rubuta sunanka a bayan ambulan, wani abu ya soke ni a ƙirji, ƙanana ƙanana kamar allurai, irin yadda ƙafa ke yi idan jini ya fara komawa. Da zafi ƙwarai. Na ajiye alƙalami na yi kuka, na Iorchia ne ko naka, ban iya rabewa ba. Shi ya sa tawadar ta baje a wurin, amma ana iya karantawa.

Allah ya tsare ka daga manyan dabbobi da ƙanana.

Taka, da sunanta na gaskiya, yau da gobe da ranar da za a rubuta shi da farin fenti,

Hembadoon Tyav.